Ranar da na kai ɗan ƙanwata Panteka

Injin markaɗen Hajiyarmu ya tsaya ranar Asabar, saura kwana biyu sunan jikarta. Ga gero na kunu, ga kayan miya kwando-kwando. Na kwance kan injin na ɗora a Keke Napep, na ce wa ɗan ƙanwata ya taso ya raka ni Panteka, kasuwar maƙera da masu gyara ta Kaduna. Yaron ya gama sakandare bara, tun daga nan ba ya komai sai danna waya a bakin layi, abin yana damun uwarsa ƙwarai.

In ka biyo titin Poly ta Tudun Wada, kunnenka ne zai fara gaya maka ka iso. Ƙarar guduma a kan ƙarfe, kukan zarto, ga tartsatsin walda ta ko'ina. A nan ake ƙera ƙofofin ƙarfe, kurfoti, baro, injin niƙa, kujeru da gadajen amare. Abin da wani ya jefar a bola, ɗan gwangwan ya tsinto ya auna a sikeli, shi ne zai koma gidan wani a matsayin sabon kaya.

Mai gyaran ya juya kan injin sau biyu, ya kasa kunne, ya ce, “Alhaji, boris ne ya ci, ka ba ni awa ɗaya.” Muna jira sai na nemi yaron na rasa. Can na hango shi tsugune gaban wani dattijo mai zubin tukwane.

Na tsaya ni ma. Dattijon ya kifa tsohuwar tukunya cikin akwatin katako, ya cika da ƙasa mai danshi, yana dannawa da tafin hannu har ta kama. Ya zare tukunyar a hankali, siffarta ta zauna daram a cikin ƙasar. Yaransa biyu suka ɗauko narkakkiyar dalma daga wuta, wadda ɗazu gwangwanayen lemo ce da tarkacen inji, suka tsiyaya ta wata 'yar kafa. Ba a jima ba aka fasa ƙasar, sai ga tukunyar biki tana tururi. Bai auna komai da ma'auni ba, idonsa da hannunsa sun riga sun sani.

Katanga kaɗan ce tsakanin wannan wuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Poly, wadda ta faro tun 1956. Shekara da shekaru ɗalibanta na tsallakowa a haɗa musu aikin kammala karatu, su su tafi da takarda, maƙerin ya tsaya da baƙin hannu. Shi ya sa na ji daɗi da kwalejin da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, suka fara gwada masu sana'ar Panteka suna ba su shaidar ƙwarewa. Wanda ya shekara ashirin yana walda ya cancanci takardar da zai nuna in ana rabon kwangila.

Gwamnatin Uba Sani ta ɗauko aikin sabunta kasuwar, kuma ina maraba da shi, don wurin na bukatar hanya da magudanar ruwa da tsayayyar wuta. Fargabata ɗaya ce. Mun ga yadda aka rushe Kasuwar Barci a 2020, mun kuma san masu ƙaramin jari da suka watse ba su dawo ba. Dattijon nan ba ya bukatar shago mai tayil. Fili yake so na ƙasa da wuta, a kuɗin da zai iya biya. In aka gyara Panteka ya rasa wurin zama, da shi da yaran da ke koyo a hannunsa aka kora.

A hanyar komawa, injin na tsakanin ƙafafunmu, yaron ya yi shiru har muka wuce Kasuwar Gumi. Sai ya ce, “Kawu, in na ce ina so in koya, Umma za ta yarda?” Na ce ya bar mini wannan. Ranar Laraba na koma da shi da goro, muka gaida dattijon. Ya dubi hannun yaron ya ce ya zo gobe da sassafe, da tsofaffin kaya a jikinsa.