Abin da rifitar mota ta koya min a ambaliyar 2020

Jiya na miƙa makullin akwatin kayan ƙungiyarmu ta ƴan rediyo, shekara shida ke nan ina riƙe da shi. Wasu cikin yaran da suka shigo kwanan nan sun ce in rubuta musu wani abu kafin in tafi. To gaskiya duk abin da na sani a kan rifitar mota, wato rediyon mota da ke ɗaukar maganar oba-oba ta sake cilla ta nesa, yini ɗaya ne ya koya min shi, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Duk wanda yake Kebbi a damunar 2020 ya san yadda gulbi ya cika ya shanye fadama, shinkafar da ta kusa nuna ta tafi, hanyoyi suka yanke. Mu ƴan rediyo masu lasisi ba mu cika hannu biyu ba a lokacin, sai muka shiga aikin sa kai wajen Argungu, muna haɗa masu kwalekwale da ke shiga ƙauyukan cikin ruwa da sansanin da ake raba kaya. Sabis ɗin waya a can ciki sai an dace. Oba-oba ta hannu kuwa wat biyar ce, mutum na zaune ƙasa-ƙasa a kan ruwa ga itatuwa ga tudu a tsakani, ba ta kaiwa ko'ina.

Shi ya sa na kai motar kan wani tudu da ke kallon fadama na kunna kuros-band, wato ɗaukar magana a wani zango a cilla ta a wani, a rediyon motata Yaesu FT-8800. Masu jirgi suna magana a zangon santimita 70, wajen megahaz 433, rediyon mota ta ɗauka ta cilla a mita 2, wajen 145, zuwa sansani, in sansani ya amsa ta juyo da shi ta ɗaya hanyar. Daɗin abin shi ne zangunan biyu sun yi nisa da juna, ba ka buƙatar waɗancan manyan gwangwanayen dufuleksa masu tsada, masu raba watsawa da saurare, na rifitar da ake kafawa a kan hasumiya, eriya ɗaya mai zango biyu a kan rufin mota ta wadatar. Kwana biyu abin na tafiya kamar ka ɗaga waya. Har wani dattijo cikin masu jirgin, da farko ya ƙi karɓar oba-obar, ya dawo yana cewa ɗana wagga aba ta fi waya.

Rana ta uku wajen ƙarfe sha ɗaya shugabanmu ya hau tudun a kan mashin, ya ce motar kaya ta iso babu hannu, in sauko. Na ce Alhaji ba a barin rifita ba mai kula. Ya ce ai na'ura ce, ita ka aikinta, kai zauna nan kana kallon ruwa mutane na ɗaukar buhu. Ya zaro wayoyi uku da wata caja ta mota ta bakin hanya ya ce a jona musu kafin mu dawo. Na jona, na murɗa makulli yadda soket ɗin zai kawo wuta, inji a kashe, na ce wa wani yaro ɗan ƙauyen ya tsaya kusa, na hau bayan Alhaji muka sauka.

Nawa laifin ba zan ɓoye shi ba. Na bar ta a kan cikakken ƙarfi, wat 50 a mita 2, 35 a ɗaya gefen, alhali wat biyar ko goma ya isa daga wannan tudun. Sikwelc ɗin, wato abin da ke rufe bakin rediyo in ba magana, na sassauta shi sosai don in kamo masu nisa. Ban sa sautin kulle ba, wanda ake kira CTCSS, saboda oba-obar mutum biyu ba a saita musu ba kuma na ce sai dare zan yi. Agogon da ke yanke watsawa in ta yi tsawo shi ma a kashe yake. Kowanne ɗaya na san shi, na karanta, na ma koya wa wasu.

Cajar nan ita ta fara. Irin waɗannan masu arha suna zubar da ƙara a zangon mita 2, ƙarar ta buɗe sikwelc, rediyo ta ɗauka wani ne ke magana daga sansani sai ta kama watsawa a santimita 70 ba tsayawa. Kuros-band hanya ɗaya take bi a lokaci ɗaya, muddin tana watsawa a gefen masu jirgi to ba ta jin su. Mu in mun kira daga sansani muryarmu ta fi ƙarar ƙarfi, tana wucewa. Ma'ana suna jinmu sarai muna cewa jirgi na biyu kuna ina, jirgi na biyu ku amsa, suna danna maɓalli suna amsawa, mu kuma shiru. A cikin jirgin akwai wata mata da suka ɗauko tana naƙuda, injinsu ya shaƙi ciyawa ya mutu, suna ta roƙon a turo wani jirgin. Daga baya matuƙin ya ce min, Malam munka yi ta kiranka har muryata ta dushe, ina jin ka kana tambaya ko mun tsaya cin abinci ne. Wannan maganar ita ce ba ta barina barci.

Sai da aka yi la'asar jikina ya ba ni, na ari mashin na hau tudu. Yaron ya ce tun azahar take huci. Na buɗe ƙofa zafi ya buge ni, gilasai a rufe, fankar bayan rediyon tana juyawa da ƙyar, jikinta ba ya taɓuwa, fuskar tana haske tana ɗaukewa. Rediyon mota an yi ta ne ka yi magana kaɗan ka saurara da yawa, a kan cikakken ƙarfi tana jan am takwas zuwa sama, ita kuwa ta yi awanni tana ja daga tsohon batir. Na murɗa makulli, ƙas ƙas, motar ta ƙi tashi. Na fizge cajar, na tsaya a kan bodin mota da oba-oba ta hannu na koma zangonsu kai tsaye, a nan na ji su, murya can ƙasa. Jirgin da aka tura ya iso da su gab da magariba. Allah Ya rufa asiri matar ta sauka lafiya a asibiti, amma abin da ya yi kusa da faruwa kowa ya gani.

Da dare a guruf ɗin WhatsApp Alhaji ya rubuta cewa an samu sakaci daga wanda aka ba amanar rifita, ya bar wurin aikinsa. Bai ce shi ya ɗauko ni a mashin ɗinsa ba, bai ambaci caja ba. Mutum huɗu sun ga lokacin da muka sauko tare, babu wanda ya tofa. Na rubuta amsa mai tsawo na goge saboda ya girme ni kuma abokin babana ne. Har yau muna gaisawa, na je ɗaurin auren ɗansa, amma shekarun nan ko sau ɗaya bai ce min komai a kai ba. Ku da kuka rage, in babba ya ce ku bar rifita, ku kashe ta a gabansa tukuna ku sanar da kowa a iska cewa an kashe, sai ku bi shi. In ya ce a'a to ku zauna.

A watan Satumban 2020 ɗin dai aka kunna kuros-band a tashar sararin samaniya ta ISS, ana hawa a 145.990 ana sauko a 437.800, kuma ba ta buɗewa sai da sautin kulle na haz 67. Da na karanta na daɗe zaune, abin da ke can sama ma an sa masa kulle.

Sauran shawarwarin gajeru ne. Batir daban na rifita, kar a taɓa na tada mota, in da ƙaramin sola a haɗa. Kar ku zaɓi zangon sama da ya yi daidai da ninki uku na na ƙasa, 145 sau uku 435 ne, za ta toshe kunnen kanta, kuma 435 zuwa 438 na tauraron ɗan adam ne. Ku riƙa faɗin lambar kiranku mai farawa da 5N, alamar Najeriya, ku ajiye kwafin lasisi a mota don a shingen jami'an tsaro oba-oba da doguwar eriya suna jawo tambaya. Ku ba kowane jirgi zango na biyu na kai tsaye da za a koma in an yi minti goma ba amsa.

Tun daga ranar na kafa rifita a damuna biyar, ba ta sake ɗaukewa a hannuna ba. Takardar saitin tana manne a cikin murfin akwatin da rubutun hannuna, oba-oba goma sha ɗaya duk na sa musu sautin kulle, biyu batirinsu ya kumbura na ware su a leda.