Gidajen Taya da Kwalba a Taos

Jami'in da ya duba fasfona a Amurka sai da ya maimaita tambaya: wai gidajen bola na zo kallo? Ya buga hatimi yana taɓe baki. Daga birnin Albuquerque zuwa garin Taos a jihar New Mexico ba abin faɗi, sai gadar kogin Rio Grande da ke gaba da Taos, wadda in ka leƙa ƙasa jiri zai ɗebe ka.

Gaba kaɗan gidajen suke, bayansu a binne cikin ƙasa. Earthship ake ce musu, wani mai zanen gine-gine, Michael Reynolds, ne ya faro su a shekarun 1970. Bangon tsofaffin tayoyin mota ne. A ɗura wa kowace ƙasa, a yi ta dukanta da guduma har ta kumbura ta haura kilo 100, a jera su kamar bulo, a yaɓe. Bangayen ciki kuwa gwangwanaye ne da kwalabe, rana na ratsa kwalaben kore da shuɗi.

Wata dattijuwa ta gan ni ina leƙe, ta ce in shigo, har da shayi. A waje sanyi na yankan kunne, a ciki na tuɓe rigar sanyi, alhali ba a kunna komai ba. Gilasan gaba kudu suke kallo, bango ya sha rana da yini, da dare ya saki ɗumin. Ayaba na gani ta yi 'ya'ya a falonta, a hamada! Ruwan sama da rufi ya tara sau 4 ake morarsa: wanka, shukar ciki, bandaki, sannan shukar waje. Na ce mata kakanninmu ma da katangar ƙasa mai kauri suka yi maganin zafi, rufin ne dai bai tara musu ruwa haka ba.

Da na tambayi kuɗi sai jikina ya yi sanyi. Taya kyauta ce, kwalba kyauta ce, amma ladan masu dukan ɗaruruwan tayoyi, da gilas, da sola da batura, sun ci rarar. Wanda ba shi da ƙarfi ko taron 'yan'uwa, ba na jin gidan zai zo masa da arha. Hukuma ma ta daɗe tana ja da Reynolds kan dokokin gini.

A hanyar dawowa na tsaya Santa Fe. Gari mai kyau, amma otal ɗinsa tsada.