Asabar: usur ɗina, Kawu, da John McEnroe

Tun ƙarfe bakwai ina filin firamaren unguwarmu, ni ne alƙalin wasan yara. Saura minti biyar a tashi na hura usur, na ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Sai ga wani yaro, wanda har naman sunansa na ci, ya tako gabana yana huci: "Haba Malam, ka ji tsoron Allah mana!" Na ɗaga masa katin gargaɗi, amma maganar ta biyo ni har gida. Kosan da aka ajiye min ma a sanyaye na ci shi.

Bayan azahar Kawu ya zo. Shi ya buga tanis da ƙuruciyarsa a Kaduna, har yau raket ɗinsa na katako yana rataye a ɗaki. Da na ba shi labari, dariya ya yi har da tari, ya zaro filas ɗin kwamfuta daga aljihu ya ce, "Kunna kwamfutarka, ɗana, ka ga uban masu rashin kunya."

Fim ne da wani Bafaranshe, Julien Faraut, ya fitar a 2018 a kan John McEnroe, ɗan tanis ɗin Amurka. Ban taɓa ganin irinsa ba. Babu tarihin yarinta, babu tsofaffin abokai suna zuba yabo. Tsofaffin hotuna ne da Gil de Kermadec ya ɗauka a filin Roland Garros na birnin Paris, asali don koyar da 'yan wasa yadda ake bugu. Saboda haka kyamarar a kan mutum ɗaya take. Sau da yawa ba ka ganin abokin karawarsa sam, sai ka ɗauka da aljani yake wasa. Ɗan bahago ne, in zai fara bugu sai ya kusan juya wa raga baya, ya yi ta lilo da jiki kafin ya cilla ƙwallon sama.

Inda ya kama ni shi ne wajen gardama. Filin jar ƙasa ne, ƙwallo na barin tabo duk inda ta sauka. McEnroe zai je ya tsaya a kan tabon, hannu a ƙugu, ya nuna shi da bakin raket. Alƙali ya sauko daga doguwar kujerarsa, ya duƙa, ya nuna wani tabon daban. Su yi cirko-cirko kamar zakaru, jama'a na ihu. Ni fa ba McEnroe nake kallo ba, wuyan alƙalin nan nake kallo, don na san zafin da yake ji a ƙeya.

Da muka gama, Kawu ya kishingiɗa, ni kuma na shiga karanta sharhin da aka yi wa fim ɗin. Yawancin masu sharhin fina-finai yabo suka yi, kuma ban ga laifinsu ba, aiki ne na gwani. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda da yawansu suka wanke fushin mutumin tas, suka sa masa rigar fasaha. Wai mai neman kammala ne, wai kamar daraktan fim yake, yana dakatar da lokaci ya sake kunna shi yadda ya so. To madalla. Amma mai riƙe da layi da aka yi wa tsawa a gaban dubban mutane, shi wa ya tambaye shi yadda ya kwana? Na ga kuma masu kallo da suka ce fim ɗin ya cika jan ƙafa da falsafa, su wasa suka zo gani. Waɗannan ban bi bayansu ba, jan ƙafar ce daɗinsa.

Kawu ya ƙi yarda da ni. Ya ce a zamanin babu Hawk-Eye, na'urar duba layi, sai a 2006 aka fara amfani da ita a manyan gasa, don haka galibi idon mutum ne, kuma ido na ƙarya. Ya ce a Wimbledon ta 1981, da ya daka wa alƙali tsawar nan da ta shahara, wadda ma'anarta "wasa kake yi", jaridun Ingila sun yi masa ca, amma shi ya ɗauke kofin a hannun Bjorn Borg. Na ce, "Kawu, ai a 1990 korar sa aka yi daga gasar Ostareliya ana tsakiyar wasa." Ya ce, "Wannan kuma tsufa ya fara zuwa." Da Kawu ba a cin gardama.

Amma ƙarshen fim ɗin ya ɗan sanyaya min jiki. A 1984 McEnroe ya ci wasa 82, uku kacal ya faɗi. Ɗaya daga cikin ukun shi ne wasan ƙarshe na Paris da Ivan Lendl. Ya ci zagaye biyu na farko, 6-3 da 6-2, kofi ya kusa hannu. Sai ƙarar da ke fita daga abin kunnen wani mai kyamara ta dame shi, ya je ya yi ihu a ciki. Lendl ya kwashe sauran ukun, 6-4, 7-5, 7-5. Manyan kofuna bakwai McEnroe ya ci shi kaɗai a rayuwarsa, na Paris bai taɓa shiga hannunsa ba. Fuskarsa a wurin, wallahi babu alƙalin da ya taɓa zagi kamar yadda yake zagin kansa.

Bayan magariba aka yi sallama. Yaron nan ne, babansa ya koro shi ya ba da haƙuri. Ya tsuguna a zaure, kai a ƙasa: "Malam, a yafe min." Na ce ya wuce, Allah ya yi albarka. Ya miƙe, ya sa silifas, har ya kai bakin ƙofa sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Amma dai a wajen layi ne."

Kawu ya kusa ƙwarewa da shayi. Ni kuma shiru na yi, don layin filin namu da toka ake ja, kuma tun kafin hutun rabin lokaci iska ta share na wajen gefen nan.