Ranar da na ce wa ma'aikaciya ina ƙulla makirci da takarduna

Da takardar zamana ta ɗalibi ta kusa cika shekara a Giranada da ke ƙasar Sifaniya, na yi sammako na tafi ofishin da ake sabuntawa, fayil a hammata, na bi layi cikin sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Siyera Nebada. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Littafin rubutu guda na cika da jadawalin aikatau na Sifaniyanci, na haddace su tas kamar yadda muka haddace fa'ala, fa'alaa, fa'aluu a zauren malam. Layi ya zo kaina, matar da ke bayan gilashi ta tambayi abin da ke tafe da ni. Na gyara murya na ce: "Estoy tramando mis papeles."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "¿Cómo dice?" Wato me ka ce? Na maimaita, har da ɗaga murya, a zatona gilashin ne ya tare maganar. Sai wani dattijo ɗan Maroko da ke bayana ya dafa kafaɗata ya raɗa mini: "Tramitando, hermano, tramitando."

Tramitar shi ne bin matakan takarda a ofis. Tramar kuwa ƙulla makirci ne. Haruffa biyu ne tsakaninsu, kuma ni baƙon ƙasa na tsaya gaban hukuma na sanar da ita, sau biyu, cewa ina kitsa wani abu a kan takarduna. Allah ya sa matar mai sauƙin kai ce, ta yi dariya ta karɓi fayil ɗin. Abin da ya fi ba ni haushi a hanyar komawa gida shi ne, ta fuskar nahawu ban yi kuskure ko ɗaya ba. Estoy daidai, tramando daidai. Na sarrafa aikatau ɗin tsaf, ban dai san wanda nake sarrafawa ba. Ƙannena masu shirin koyon wannan harshe, kafin ku ɗora kalma a jadawali ku fara sanin da wa take yawo. Tramar yana tafiya da ramuwar gayya, juyin mulki, yaudara, ko kuma kalmar algo, wato "wani abu" da ba a son faɗa. Da na gan shi cikin jimla uku kacal kafin in haddace shi, da ban kai shi ofis ba.

Daren nan na buɗe ƙamus don in ga fuskar wanda ya kunyata ni, sai na tarar ashe ɗan gida ne. Trama a asalinsa zaren da masaƙi ke ratsawa a kwance ne, shi ya sa tramar ya fara da ma'anar saƙa kafin ya koma makirci. Ɗan'uwansa urdir daga jera zaren tsaye ya fito, shi ma ya ƙare a ƙulle-ƙulle. Mu da muke cewa wane yana saƙa da mugun zare, ko an kitsa masa tuggu, ko an ƙulla masa sharri, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun daga ranar ban sake mance ma'anarsa ba, domin na rataye shi a jikin abin da na riga na sani. Watannin da na yi ina bi ta Ingilishi kafin in isa Sifaniyanci, zagaye ne kawai na riƙa yi, ga hanya a ƙofar gida.

Sarrafa shi kansa ba wuya. Yana cikin rukunin da ke ƙarewa da -ar, rukuni mafi yawa a harshen, kuma ba ya da tawaye ko kaɗan. Ka yanke -ar, saiwar tram- ta rage, sai ka riƙa liƙa mata wutsiya. A lokaci mai ci: tramo, tramas, trama, tramamos, tramáis, traman. A shuɗaɗɗe: tramé, tramaste, tramó, tramamos, tramasteis, tramaron. Wanda ya iya wannan ya iya hablar da trabajar da comprar da dubban irinsu. Ku lura tramamos ya zo sau biyu, "muna ƙullawa" da "mun ƙulla", sai sauran jimla ta raba gardama.

To a nan ne kuskurena na biyu yake, kuma shi ya fi daɗewa tare da ni. Malamarmu ta sa mu rubuta gajeren bayani kan 23 ga Fabrairu 1981, ranar da Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa majalisar wakilai a Madrid da jami'an Guardia Civil, wato jandarmomin Sifaniya, ɗauke da bindigogi, yunƙurin juyin mulkin da ya wargaje washegari bayan Sarki Juan Carlos ya fito a talabijin cikin dare ya ƙi amincewa da shi. Na so in ce Tejero bai kitsa abin shi kaɗai ba, wanda gaskiya ne, tunda Janar Milans del Bosch ya fito da tankokin yaƙi titunan Balenshiya a daren. Ya kamata in rubuta "No lo tramó solo." Ni kuwa na rubuta "No lo tramo solo," babu ɗan karan nan da ke kan o. Malama ta karanta wa aji kamar yadda na rubuta, da nauyin murya a kan gaɓar farko, sannan ta ajiye takardar ta tambaye ni su wane ne abokan nawa. Abin da na rubuta yana nufin "ba ni kaɗai nake kitsa shi ba." Sau biyu ke nan kalma ɗaya tana sa ni amsa laifin da ban yi ba.

TRA-mo, ni ne nake ƙullawa yanzu. Tra-MO, shi ne ya ƙulla a baya. Mutum ya canza, lokaci ya canza, kuma babu abin da ya motsa sai inda murya ta faɗi. Haka trame da tramé, haka tramara da tramará. Dokar ma gajeriya ce: kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, nauyinta na kan gaɓa ta biyun ƙarshe, wadda ta ƙare da wani baƙin daban, nauyinta na kan gaɓar ƙarshe, duk wadda ta saɓa wa wannan sai a sa mata karan. Minti biyar ya isa a koye ta. Ni na kusa shekara ina kallon karan a matsayin ado.

Na yi ta tunanin dalilin da ya sa abin ya shige mini duhu, alhali Bahaushe ya fi kowa sanin aikin murya. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, rubutu ɗaya ne, baki ne ke raba su. Amsar da na samu ita ce mun saba rubutu ba ya nuna mana karin sauti, mai karatu ne ke cikewa da kansa. Ƙari a kan haka, waya ta koya mana watsi da ƙugiya, muna rubuta kafa muna nufin ƙafa, mu ce ai za a gane. Da wannan sakacin na shiga harshen da ba ya yafe shi. Abu na biyu ya fi wannan zurfi. A Hausa aikatau yana zaune abinsa, ƙaramar kalmar da ke gabansa ce ke ɗaukar kaya: na ƙulla, ka ƙulla, sun ƙulla, zan ƙulla. Kunnenmu ya horu da tsayawa a goshin aikatau. Sifaniyanci kuwa a ƙeya yake ɗaukar kayansa, kuma yawanci ba ya ma furta wakilin sunan. Ni kuwa sai in riƙa jiran yo (ni) ko él (shi) su gaya mini wa ake nufi, kafin in ankara wutsiyar ta wuce. Da na yi magana kuma, kowace jimla sai na fara ta da yo, har wata 'yar ajinmu ta ce ina magana kamar mai neman a zaɓe shi. Wanda ya yi sarfu yana da riba a nan in ya farga, don katabtu da katabta da kataba irin wannan aikin suke yi. Ni na yi sarfun, na bar shi a zaure.

Maganin da ya yi mini aiki na yara ne. Na daina hadda da ido. Kowace siga sai na furta ta da ƙarfi ina buga tebur a kan gaɓar da ke da nauyi, kuma a cikin jimla: "Ayer tramó algo," bugu a kan mo. Ina naɗar muryata a waya in saurara, abin ba daɗin ji amma yana tona asiri. A allon rubutu na waya kuma na koyi danne wasali har mai karan ya fito. Cikin makonni kaɗan kunnena ya fara tsayawa a inda ya kamata.

Sigar da ake tsorata ɗalibai da ita, subjuntivo, na ɓata lokaci ina gudunta a banza. Muna da irinta. "Kada ka ƙulla komai" shi ne "no trames nada." "Ina tsoron kada su ƙulla wani abu" shi ne "temo que tramen algo." Ba ko'ina suka yi daidai ba, amma a hani da fata da nufi, inda Bahaushe zai ce "ina so ka zo" maimakon "ka zo jiya", kusan nan Basifaniye ke juya a ta koma e. Haka nan kada ku sayi katon littafin jadawali kamar yadda na yi. Ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar harshen da aka kafa a 1713, yana intanet kyauta, kuma kowane aikatau da jadawalinsa a ƙasa. Wanda zai nufi Meziko ko Kolombiya ba zai riƙa jin tramáis a titi ba, ustedes traman suke cewa. A Ajantina kuma zai ji vos tramás. Ku san inda za ku kafin ku raba ƙarfinku.

'Yan'uwan tramar kowa da halinsa. Conspirar yana son contra a bayansa, ana haɗa baki ne a kan wani. Maquinar yana da irin tarkon da na faɗa: ma-QUI-na, yana shirya makirci, MÁ-quina, inji. Fraguar daga maƙera ya fito, kuma shi har yau sai na dakata kafin in rubuta fragüé, da ɗigo biyu a kan u, don in babu su u ɗin ba za ta furtu ba.

Bayan duk wannan wahala ta koyon sauraron wutsiya, sai na gano mutanen Giranada haɗiye ta suke yi. S ta ƙarshe ba ta fita a bakinsu, sai dai su ɗan buɗe wasalin da ke gabanta, ta yadda tramas da trama kusan ɗaya suke a kunnen baƙo, tramado kuma ya koma tramao. Tsohuwar da nake haya a gidanta gwana ce a wannan. Wani dare abokina ɗan Maraɗi ya zo, muka shige kicin muna magana ƙasa-ƙasa da Hausa, muna shawarar ko garin semolina zai yi tuwon da za a iya ci da busasshiyar kukar da aka aiko masa. Sai ga ta a bakin ƙofa da silifas, ta dube mu ta dubi tukunya, ta ce: "¿Qué estaréis tramando vosotros dos?" Rabin s ɗin duk ta cinye. A jadawalina estaréis lokaci mai zuwa ne, "za ku kasance," amma a bakinta hasashe ne: ko me ku biyun nan kuke ƙullawa? Wannan karon na gane, na kuma gane cewa tsokana ce irin wadda ake yi wa jikoki in sun yi shiru da yawa. Na ce mata, "Nada, señora, la cena," babu komai, abincin dare ne. Ta ce to a zuba da ita. Tuwon ya yi gudaji, miyar kuma ta ce kalarta ba ta kwanta mata ba, amma ta cinye malmala ɗaya da cokali mai yatsu.