Yadda nake auna riba kafin in sayi takardun lamuni na gwamnati

Adadin kuɗin ruwan da aka rubuta a jikin takardar lamuni, wato takardar da gwamnati ke sayarwa don karɓar rance zuwa wani wa'adi, shi ake fara nuna wa mai saye, amma ni ba da shi nake yanke shawara ba, domin abin da zai shigo hannuna ya dogara ne da farashin da na biya da kuma shekarun da suka rage kafin wa'adi ya cika.

Misali, na taɓa auna wata takarda da gwamnati za ta fansa a kan 1,000 bayan shekara 5, tana kuma biyan 100 duk shekara, wato kashi 10 cikin ɗari, sai dillali ya yi mini tayinta a kan 950. Da na raba 100 da 950 sai na sami kashi 10.5, amma lissafin bai ƙare a nan ba, tunda ranar fansa za a ba ni 1,000 cif, ƙarin 50 ke nan. Na rarraba wannan 50 a kan shekarun nan 5, na haɗa 10 da 100 ya zama 110, sannan na raba shi da 975, wanda shi ne tsakiyar farashin saye da na fansa. Amsar ta fito kusan kashi 11.3. Da a kan 1,050 aka sayar mini da ita, da ribar ta sauko zuwa kusan kashi 8.8, alhali rubutun da ke jikinta bai canza ba. Wannan lissafi ƙiyasi ne kawai, amma ya isa mutum ya kwatanta tayi biyu. Daga nan nakan cire haraji idan akwai, da la'adar dillali, sannan in dubi hauhawar farashi, domin ribar kashi 11 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 14 asara ce ko da kuɗin sun ƙaru a ido.

Game da hanyar saye kuwa, na fi natsuwa da shiga gwanjon da gwamnati ke yi lokacin fitar da sababbin takardu, inda ƙaramin mai saye yakan amince da duk ribar da gwanjon ya tsayar ba tare da ya yi tayi ba. Tsadar wannan hanya kaɗan ce, sai dai ba a ko'ina ne fita take da sauƙi ba. A Amurka, alal misali, ana iya saye ta TreasuryDirect, shafin intanet na baitulmalin ƙasar, da dala 100 kacal, amma wanda yake son sayarwa kafin wa'adi sai ya fara mayar da takardar wurin banki ko dillali. Saye a hannun dillali yana ba ni damar zaɓen wa'adin da nake so, amma nakan nemi a faɗa mini farashin saye da na sayarwa a lokaci guda, saboda a tazarar da ke tsakaninsu ce ladansa yake ɓuya, kuma nakan tambayi kuɗin ruwan da ya taru tun biyan ƙarshe, tunda mai saye ne yake biyan mai sayarwa.

Asusun haɗaka na takardun lamuni, inda mutane da yawa ke zuba kuɗi a saya musu takardu iri-iri, shi ya fi sauƙin shiga, amma ba shi da ranar fansa, kuma wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da shi. A 2022, lokacin da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4, darajar irin waɗannan asusu ta faɗi sosai, musamman masu riƙe da takardun dogon zango, alhali wanda ya riƙe takarda guda har wa'adinta an mayar masa da uwar kuɗinsa cikakke. Shi ya sa nake fara rubuta lokacin da zan buƙaci kowane kaso na kuɗina, sannan in nemi takardun da wa'adinsu zai cika gab da lokacin, wasu na shekara 1, wasu na 3, wasu na 5.