Bindiga mai jigida: lissafin da na yi kafin in sa kuɗina

A Amurka farar hula na iya mallakar bindiga mai jigida, amma ba irin wadda soja ke riƙewa ba. Tun ranar 19 ga Mayu 1986 gwamnatin tarayya ta rufe wa farar hula rajistar sababbin bindigogi masu ɓarin wuta. Waɗanda aka yi wa rajista kafin wannan rana su kaɗai ke sauya hannu, kuma da yake ba a ƙara ko ɗaya, kuɗinsu ya kai dubun-dubatar daloli, ban da harajin dala 200 na dokar 1934 da ɗaukar hoton yatsu da jiran amincewar ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Abin da ya rage wa mai albashi irina shi ne wadda aka yi wa takunkumi: jiki na soja, jigida ta soja, amma duk jan kunama harsashi ɗaya ne ke fita.

Ina aiki a wani shagon sassaƙa ƙarfe a gefen Houston. Akwai wani dattijo abokin aikinmu, tsohon soja, da yake da Browning M1919A4 irin wannan mai harbi ɗaya-ɗaya, kuma yana da kayan wata guda a warwatse da yake son ya sayar. Ranar da ya buɗe mini akwatin a garejinsa, warin tsohon giris ne ya fara tarbata. Kowane ƙarfe a naɗe cikin takarda mai maiƙo, wasu da rubutun Ibrananci a jiki, don kayan sojan Isra'ila ne, waɗanda suka mayar da bindigar daga harsashin .30-06 zuwa 7.62 na NATO kafin su yi gwanjonsu. Doka ba ta barin a shigo da irinta Amurka a haɗe, sai an yanka gangar jikinta. Na ɗaga murfin sama na juya shi a hannu, na ga sawun injin da ya sassaƙa shi shekaru da dama da suka wuce, layi-layi, babu inda aka yi ha'inci. Wallahi raina ya biya.

Wanda bai yi aikin ƙarfe ba zai yi wuya ya gane abin da ya ja ni. John Moses Browning, mutumin Ogden a jihar Utah da aka haifa a 1855, ya ƙera abin da ke ciyar da kansa da ƙarfin tokarin harbinsa kawai, babu gas da ake jawowa, babu wuta, babu batir. In harsashi ya tashi, bututu da makulli sukan ja baya tare na ɗan taƙi, sai su rabu. A wannan tafiya ta baya wani ɗan farce ya zaro sabon harsashi daga jigida, a dawowa kuma wani hannu a cikin murfin sama ya jawo jigidar gefe taki ɗaya. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Yayarta mai sanyaya da ruwa, M1917, an gwada ta a Springfield a 1917 ta harba harsashi 20,000 ba ta tsaya ba, Browning ya ƙara mata wasu 20,000. Mutumin da ya yi wannan da fensir da guduma da zarto, kafin a san kwamfuta, ya cancanci a zauna a nazarci aikinsa. Wannan ita ce falalar abin, kuma ban raina ta ba.

To amma sai na ɗauki biro.

Kayan da ke cikin akwati ba bindiga ba ne tukuna. Dole a sayi sauran sassan da suka dace da doka daga kamfani mai lasisi, dole a biya maƙerin bindiga da ya san kanta, ko da kuwa kai ma ma'aikacin ƙarfe ne. Wannan bindigar tana da wata tazara tsakanin bututu da makulli da ake daidaitawa da hannu, in aka kuskure ta kwanso na iya fashewa a gaban fuskarka, shi ya sa ban ga dalilin yin ƙarfin hali a nan ba. Sannan mariƙinta mai ƙafa uku, don nauyinta kaɗai ya kai kilo 14, ba a saɓa ta a kafaɗa, mariƙin ma ya haura kilo 6. Sannan jigida, ta ƙyalle mai cin 250 ko ta ƙarfe mai warwatsewa, da ɗan injin da ake lodin ta da shi, sai dai in kana son yatsunka su yi kanta. Sannan akwatin ƙarfe mai makulli da zai ɗauke ta, tunda akwai yara a gida. Da na tara, na haura dala 4,000 ban harba ko ɗaya ba.

Wannan ma ita ce mai sauƙin. FN M249S, wadda kamfanin FN ke ƙerawa a South Carolina, wajen dala 8,000 ta fito kasuwa, yanzu ta wuce nan. M240-SLR ta kamfanin Ohio Ordnance Works ta haura dala 10,000 nesa ba kusa ba.

Inda lissafin ya karye mini shi ne ciyarwa. Sayen doki ba wuya, dawa da harawar kullum su ne magana. Harsashin .308 mai kyau, irin wanda take ci, a shagunan da nake zuwa yana kusa da dala ɗaya, in ka saya da yawa ya ɗan sauko. Jigida ɗaya ta 250 kusan dala 200 ke nan, kuma ko da harbi ɗaya-ɗaya, kafin shayinka ya huce ta ƙare. In mutum ya ce zai je filin harbi sau ɗaya a wata da jigida biyu, a shekara ya ƙona dala 4,800, fiye da kuɗin bindigar kanta. A da masu son arha sukan nufi RPD ta Rasha, don harsashinta 7.62x39 ya fi kowanne sauƙi, amma tun da gwamnatin Biden ta hana shigo da harsashin Rasha a watan Agustan 2021 wannan ƙofar ma ta ƙuntata. Ga shi ba kowane fili ne zai bar ka ka kafa ƙafa uku ka kwanta a ƙasa ba. Wasu sun hana harbi da sauri, wasu suna sa maganaɗisu a kan harsashinka, in ya kama su ce ka mayar da shi mota. Sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu inda za ka sake.

Uwargida da ta ga takardar lissafin a kan tebur ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Maigida, me za ta yi maka wanda waccan bindigar da kake da ita ba ta yi?" Na yi shiru, don amsar ita ce babu. An ƙirƙiri jigida ne domin ɓarin wuta ba tsayawa. In aka cire wannan, abin da ya rage bindiga ce mai nauyin kilo 14 da ba ta kai ƙaramar bindigar farauta ta ƙasa da dala 1,000 saiti ba, ba ta farauta, ba ta tsaron gida. Tarihi ne da sana'a kawai kake saya. Wanda ya san haka ya sa kuɗinsa, ban ga laifinsa ba. Wanda ya ce zai saya don amfani, kansa yake yaudara.

Batun doka kuwa ba abin wasa ba ne, musamman ga mu baƙi. Bindigar da ta fitar da harsashi fiye da ɗaya a jan kunama ɗaya, ko wadda hukuma ta ga za a iya mayar da ita haka cikin sauƙi, sunanta mai ɓarin wuta marar rajista, hukuncinta kuma ya kai ɗaurin shekara 10. Ɗan ƙasa in ya gama zaman kurkuku gidansa zai koma, wanda ba ɗan ƙasa ba filin jirgi za a nufa da shi. Mai katin zama na dindindin na iya sayen bindiga bayan bincike, amma ɗalibi ko mai biza ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai in ya cika wasu sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Jiha ma da tata: abin da ya halatta a Texas laifi ne a California da New York, inda aka ƙayyade harsashi 10, kuma jigida na cikin abin da ake ƙirgawa. Ko kwanso ɗaya kada ka bari ya kwana a jakar da za ka tafi gida da ita. A Najeriya, ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, irin wannan bindiga haramtacciya ce sai da izinin shugaban ƙasa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin biro. Ni ɗan Zamfara ne. Na ɗauki ɗan bidiyon ta dattijon tana aiki na tura wa yayana, ina zumuɗin ya ga ƙira. Ya kira ni da dare, muka gaisa, ya tambayi iyali, sai ya ce, "Ƙanena, kada ka ƙara turo mini wannan. Inna na kusa da ni lokacin da na kunna." Bai ƙara komai ba, ni ma ban nemi bayani ba. A wajenmu ƙarar mai jigida na nufin a kwashi yara a shiga daji. Makaman da suka malalo Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun iso dazukanmu, har ta kai a watan Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin Alpha Jet na sojan sama a tsakanin Zamfara da Kaduna. Ban ɗora wa dattijon Texas alhakin wannan ba, mutumin kirki ne, takarda kawai yake hudawa a jeji. Amma shi yana jin ƙarar ne ya tuna ƙuruciyarsa, ni kuwa ina jin ta in tuna hanyar Gusau zuwa Ɗansadau. Ba zan iya ajiye ta a gida ɗaya da 'ya'yana in yi kamar ban san haka ba.

Sha'awar ƙirar ba ta tafi ba. Dattijon na barina in taya shi warware tasa da wankewa, a nan ne ma na fi samun abin da nake nema, hannuna a kan ƙarfen, ina bin yadda wannan ke tura wancan. Wanda ke son ganin na gaske suna aiki, taron Knob Creek na Kentucky ya rufe tun Oktoban 2021, amma ana yin na Big Sandy a hamadar Arizona, kuma kuɗin mota da masauki bai kama ƙafar kuɗin mallaka ba.

Na gaya masa ya nemi wani mai saye. Ya ce ba zai sha wahala ba, don kayan Isra'ila sun daina shigowa kamar da, farashi kuma kullum gaba yake yi. Gaskiya ya faɗa. Ko baɗi na sake shawara, ba zan samu a kuɗin da ya yi mini ba.