Lissafin ɗan maraƙi a gonar 'yan Hare Krishna

Ɗan yayata da ke karatu a Hangari ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp makon jiya. Turawa ne kai a aske, sai ɗan tukku a ƙeya, suna bin shanun huɗa biyu da garma. Da farko na ɗauka wasan kwaikwayo ne, sai na lura da yadda mai riƙe da garmar ke kwantar da ita in an kai ƙarshen kunya. Wanda bai sha huɗa ba hannunsa ba ya yin haka.

Gonar sunanta Krishna Valley, kusa da tafkin Balaton, an kafa ta a 1993. Masu ita 'yan Hare Krishna ne, wani reshe na Vaishnawa a addinin Hindu. Jagoransu Bhaktivedanta Swami Prabhupada, mutumin Kalkata, ya sauka Amurka a 1965 yana ɗan shekara 69, ya kafa ƙungiyar tasu, mai suna ISKCON, a New York a 1966. Har ya mutu a 1977 yana nanata wa mabiyansa cewa mai ƙasa da saniya ya gama da matsalar ciki, sauran lokacinsa na ibada ne. A kan haka aka buɗe gonar New Vrindaban a jihar West Virginia a 1968, daga baya gonar Gita Nagari a Pennsylvania.

Ni Musulmi ne, aƙidarmu da tasu hanyar jirgi daban ta mota daban. Lissafinsu ne ya hana ni barci, domin shekara goma sha ɗaya ke nan ina turke shanu a bayan gidana a Mabera.

Ba su yanka saniya, ba su kuma sayar da ita ga mahauci, ko ta tsufa ko ta karye. To saniya ba ta nono sai ta haihu, kuma kusan rabin abin da za ta haifa maza ne. Dabbar da ke samun kulawa tana iya kusantar shekara 20. Na ɗauki biro. In kana karɓar haihuwa biyar duk shekara, kowane kai ya yi shekara 18, garkenka zai tsaya a kai 90, waɗanda ake tatsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk baki ne. Mu nan ɗan maraƙi shi ne asusu: ya yi huɗa damina uku ko huɗu, a zuba masa dusa da harawa, a kora shi Kara ko Achida gab da Sallah, kuɗin ya sayi ƙanana biyu har da canji. Su sun toshe wannan ƙofa da hannunsu, dole sā ya biya abincinsa da wuyansa. Shi ya sa suke dandaƙe shi, su koya masa huɗa da jan amalanke. Suna kuma rage haihuwa, su ja tatsa ta daɗe a kan maraƙi guda. Duk da haka madararsu ta fi ta kanti tsada, kuma da yawan gonakin da gudummawar mabiya da kuɗin 'yan yawon buɗe ido suke cike giɓi. Ban ga abin kunya a nan ba, amma dogaro da kai bai kai ga cika ba tukuna.

Ranar Juma'a na kai wa Kawu bidiyon a Wurno. Garin nan ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan kabarinsa yake tun 1837, kuma shi ma ya yi fama da zaunar da jama'a wuri guda su yi noma da sana'a da karatu. Kawu ya tashi a makarantar allo mai gonarta, almajirai na noma da safe, damman gero na shiga rumbun malam. Yau rumbun ya rushe, ba don fadama ta gaji ba. Masu hannun ne suka tafi birni.

Ya kalli wayar ya daɗe.

"Tsohuwar saniya fa, mi suka yi da ita?"

"Barinta suke yi, Kawu, har ta mutu don kanta."

"To wa ka ba ta abinci?"

"Jama'a."

"Jama'a ta yau, ko wadda za a haihwa?"

Na rasa amsa, don a nan gizo ke saƙar. Sā na shekara 18, saurayin da ya horar da shi yana iya sake ra'ayi bayan shekara biyu ya koma birni, ya bar dabbar da ta saba da muryarsa.

Da na gaya masa ba su cin nama da kifi da ƙwai, bai ce komai ba. Da na ƙara da cewa har albasa da tafarnuwa ba su taɓawa, sai ya waiwaya ya dubi rumfar albasarsa, ya yi dariya har da tari, ya ce to waɗannan ba abokan cinikinmu ba ne.

Na miƙe zan tafi ya ce in mayar masa da bidiyon baya. Karkiyar yake son gani, don ya lura ba ta goge wuyan shanun ba kamar yadda tamu ke yi. Ya ce in tambayi yaron da wane icce suka sassaƙa ta, in kuma ce ya ɗauko hotonta ta ƙasa.